Ranar da Na Koya wa Matan Dutse Shanya

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ta kakar bara waccan ba, ko da na so in manta matan ajinmu ba za su bari ba. Gara in ba da labarin da kaina, don yadda suke ba da shi yanzu har an fara ƙara masa abin da bai faru ba.

Ni sai da na aurar da 'ya'ya uku na shiga makarantar yaƙi da jahilci. Sana'ata bandar kifi a Yelwa, kuma duk wanda ya san ni a bakin ruwa ya san bakina. Ba na zagi, amma in kifinka ya kwana zan gaya maka ya kwana, ko kai surukina ne. Wannan halin na ɗauka na shiga aji da shi, kuma shi ya jawo mini komai.

Da shekara ta zo ƙarewa, Malama ta ce kowace mace ta rubuta insha'i a kan wata tafiya da ta taɓa yi, za a karanta ranar rufe makaranta gaban mazajenmu da 'yan'uwa. Aka fara gwaji a aji. Atine, wata mai sayar da waina da ke zama gabana, ta miƙe ta karanta cewa ta je Legas, ta ga teku, har ta hau bene mai hawa goma. Ban san lokacin da na miƙe ba.

“Atine,” na ce, “ke da ko Kontagora ba ki taɓa zuwa ba sai ranar da aka kai ki cire haƙori? Mun zo nan koyon rubutu ne, ba koyon ƙarya ba.”

Atine ta naɗe takardarta, ta zauna, ta juyo ta dube ni ta ce, “To, Uwar Gaskiya. Za mu ji naki.”

Sai da na koma gida na gane ramin da na haƙa wa kaina. Ni ban taɓa yin tafiya don tafiya ba. Na je biki, na je gaisuwar mutuwa, na shiga jirgin ruwa zuwa Wara sayen kifi ba adadi, amma wa zai zauna ya saurari labarin kwandon tarwaɗa? A littafin karatunmu akwai hoton wani mutum da matarsa tsaye a kan dutse suna nuna wani abu da yatsa, an rubuta a ƙasa wai yawon buɗe ido suke. Na daɗe ina kallon hoton nan. Na ce ni ma haka za a yi da ni.

Maigidana, Malam, gyaran injin jirgi yake yi. Mutum ne da ya fi hira da inji a kan hira da mutane. Da na gaya masa ina son ya kai ni duwatsun da ke can ƙasar Ngaski mu buɗe ido, sai ya ajiye sifana ya dube ni.

“Dutse? Mi muka ajiye can?”

“Ba mu ajiye komai ba. Kallo za mu yi.”

“In mun kalla fa?”

“Mu dawo.”

Ya ce, “To, 'yar makaranta,” (haka yake kirana tun da na sayi jakar littattafai) ya ci gaba da aikinsa. A wurin Malam wannan amincewa ce.

Amma kaka ce, ruwa ya cika, jirage sai jigilar hatsi suke, kowa na son injinsa jiya. Malam ya ce ba shi da rana sai wata Laraba, kwana uku kafin a rufe makaranta. Ni kuwa, in faɗi gaskiya, shafi ɗaya kwana huɗu yake ɗaukata, da gogewa da sake rubutawa da hutun ido. Kwana uku ba za su kai ni ko bakin gari ba.

Sai dabara ta zo mini, wadda a lokacin na ɗauka ta masu ilimi ce. Na ce zan rubuta labarin tafiyar tun kafin mu je. In ya so ranar Laraba mu bi takarda layi-layi, mu aikata duk abin da ke ciki. Ran Asabar, ranar rufe makaranta, ba wanda zai ce na yi ƙarya, tunda komai ya faru. Mako uku na yi ina rubutu, shafi biyu da rabi, da biro mai kyau. Ban nuna wa kowa ba.

Ranar Laraba na sha atamfata ta Sallah, na ɗaura ɗankwali ya miƙe, na sa tabarau na karatu duk da ba na ganin nesa da shi. Na tilasta wa Malam babbar rigarsa fara. Na ɗaure kular dafa-duka da ƙullin kifi banda a bayan babur. Shida da rabi mun shirya, Malam ya taka babur ya tashi, na ce ya kashe.

“Lafiya?”

“Na rubuta mun tashi ƙarfe bakwai.”

“Kin rubuta? Ina?”

Na fito da littafin na yi masa bayani. Ya saurara har ƙarshe, ya gyara zama. Muka zauna a kan babur a ƙofar gida, ni da mijina, cikin kwalliya, muna jiran agogo. Masu wucewa suna gaishe mu suna waiwaye. Wata maƙwabciya ta tambaya ko mai ne ya ƙare, na ce mata ta kula da tallarta.

Da bakwai ta buga muka kama hanya.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne hanyar za ta yi mini daɗi. Damina ta ɗauke, sama ta wanke fes, ciyawa ta fara ja amma ba ta bushe ba. Dawa ta sunkuyar da kai dama da hagu, an kafa bukkokin gero a gonaki, ƙanshin sabuwar gyaɗa na bugo mu duk inda ake cira. Rabona da hawa bayan Malam mu yi nisa haka tun ina goyon fari. A wani gangare babur ya yi tsalle, na cafke rigarsa, na ji ina dariya kamar yarinya. Wannan bai cikin takarda, sai na rasa inda zan sa shi.

Abin da ke cikin takarda kuwa ban sassauta ba. Na rubuta “mun sha ruwan rafi mai sanyi,” don haka rafin farko da muka tarar na ce a tsaya. Shanun Fulani sun riga mu, ruwan ya yi kalar kunu. Malam ya dubi ruwan, ya dube ni.

“Ba ki rubuta ko mun sha da yawa ba?”

“Ban rubuta ba.”

Ya tsoma yatsa ya lasa, ni ma na lasa. Na sa alama a gefen layin.

Na kuma rubuta mun karya a inuwar ɗorawa (ban san abin da ya sa na zaɓi ɗorawa ba, ina jin don na iya rubuta ta ne ba kuskure). Muka wuce mangwaro mai inuwa kamar ɗaki, muka wuce tsamiya biyu, Malam na nuna mini ina cewa a'a. Ɗorawar da muka samu a ƙarshe tururuwa sun riga sun kama haya a gindinta. A tsaye muka ci dafa-duka, muna ɗaga ƙafa ɗaya bayan ɗaya.

Wajen hantsi muka bar babbar hanya, muka bi wata 'yar turba har wani ƙauyen Kambari a gindin dutse. Muka gaida dattawan da ke zaune, Malam ya faɗi abin da ya kawo mu. Sai da suka sa ya maimaita. Wani ya ce, “Kallo kawai?” Malam ya nuna ni da haɓa, kamar mai cewa ga mai laifin nan. Suka yi dariya, suka ce mu bar babur a nan, ga Inna Saratu za ta hau, mu bi ta.

Inna Saratu tsohuwa ce 'yar firit, ta girme ni nesa ba kusa ba. Ƙwarya ce cike da masara a kafaɗarta, yadda matan can ke ɗaukar kaya, amma haka ta riƙa hawa tana jiranmu. Ni da nake taƙama ina sauke kwandon kifi daga jirgi ni kaɗai, kafin mu kai rabi numfashina ya koma kamar na tsohon inji. Na ce tsayawa nake ina kallon itatuwa.

A tsakiyar hawan akwai wani falalen dutse mai faɗi, ya fi filin makarantarmu, ya kwanta a karkace yana gangarawa ƙasa, sumul kamar an shafe shi da siminti. Nan ne wurin shanyar garin. An jera ƙananan duwatsu an raba shi, kowane gida da nasa gefen tun kakanni. Daga sama waken suya ne an baza, ƙasa da shi masara, can ƙasa kuma barkono ja wur. Mata uku ko huɗu na tsugune a gefe da dogayen sanduna suna motsa shanya. Inna Saratu ta sauke ƙwaryarta ta nuna mana wata siririyar hanya da ke bin gefen dutsen.

“Ku bi nan har sama. In za ku sauko ma nan.”

Muka bi. Da muka kai ƙololuwa na cire tabarau don in gani da kyau, sai na rasa bakin magana, abin da ba ya faruwa da ni. Ga tafkin da garinmu ke bakinsa gaba ɗaya a kwance, yana ƙyalli har inda ido ya ƙare. Shekara hamsin ina shan ruwan nan, ina wanka da shi, ina cin abinci daga cikinsa, ban taɓa ganin girmansa ba. Tsibirai kamar an yar da ganye, jirage kamar ƙwayar shinkafa. Iska mai sanyi tana kaɗa mini mayafi. Malam ya tsaya kusa da ni, can ya miƙa hannu ya nuna (daidai yadda mutumin littafi ya yi, har na ji daɗi).

“Kin ga wancan? Jirgin Wara ne. Injinsa na shan mai.”

Na ce a raina ba komai, yanzu za a zo wurin. Don akwai layi ɗaya a takardar nan da ban gaya masa ba, kuma saboda shi na yi duk wannan wahala, ko da yake a lokacin ko ni ban yarda da haka ba. Na buɗe littafi, na mayar da tabarau, na gyara murya.

“Malam, saura abu ɗaya. Nan na rubuta: Da muka kai sama, maigidana ya dube ni ya ce, yau na san na yi dacen mata.”

Ya ci gaba da kallon ruwa.

“Sai ka faɗa,” na ce.

“Ni na ce haka?”

“Za ka ce. Yanzu.”

“Ruwan shanu na lasa. Tururuwa sun cije ni. Wanga kam a'a.”

“Kalma bakwai ce, Malam. Na ƙirga.”

“Shekara talatin da ɗaya ban faɗa ba, sai yau don takarda? Ki karanta gaban mazan gari, in bi ta ina in je bakin ruwa?”

“Wato ba ka yi dace ba ke nan.”

“Ban ce ba.”

“To ka ce ka yi.”

“Shi ma ban ce ba.”

Nan fa na buɗe masa wuta. Na tuna masa shekarar da jirginsa ya nutse na riƙe gida da bandar kifi. Na tuna masa jinyar innarsa. Na tuna masa abubuwan da shi kansa ya manta. Na ce in bai faɗa ba Atine za ta yi mini dariya har kabari, don ko dai in karanta ƙarya ko in goge layin da ya fi kowane kyau. Shi dai yana tsaye yana kallon jirgin Wara. Da na ga ba ci gaba, na cusa littafi a jaka na juya na kama gangara ni kaɗai, ina huci.

Wanda ya san ni ya san in raina ya ɓaci sai na sami abin gyarawa. Ina isowa wurin shanya na ga matan nan har yanzu a tsugune a gefe, suna miƙa sanda suna ɗan sosa wake kamar masu jin tsoronsa. Mu a bakin ruwa ba haka muke ba. In an baza shinkafa a fili, cire takalmi ake a shiga ciki, a riƙa jan ƙafa ana tsaga ta layi-layi, kafin ka ce me an juya buhu goma. Tun ina 'yar shekara bakwai nake yi. Na tsaya na riƙe ƙugu.

“Bayin Allah, haka za ku wuni? Wagga shanya ai ba ta juyuwa da sanda.”

Suka ɗago suka dube ni. Inna Saratu ta ce, “Haka muke yi, 'yata.”

“To ku kawo in nuna muku yadda ake yi. Minti biyar.”

Na tuɓe takalmi. Na ɗan ɗage zane.

“'Yata,” in ji tsohuwar, ba ta ko ɗaga murya ba, “nan ba a takawa.”

“Inna, ni a gefen kwalekwale nake tafiya ruwa na hauka. Dutsen da ke tsaye wuri ɗaya ne zai gagare ni?”

(Ina roƙon mai karatu ya lura: shinkafa doguwa ce, tana kwanciya, kuma a shimfiɗaɗɗen fili ake baza ta. Waken suya kuwa Allah ya yi shi mulmulalle. Duk wannan na san shi. Ban dai taɓa haɗa su wuri ɗaya a kaina ba sai bayan taku na biyu.)

Taku na farko lafiya lau. Har na juyo in ce musu kun gani. A na biyu ƙafafuna duka suka yi gaba suka bar ni. Na zauna daɓas, kuma ban tsaya inda na zauna ba.

Ban san dutsen nan na da tsawo haka ba. Na tafi a zaune, ƙafafu a sama, jaka a wuya, wake na gudu tare da ni ta ko'ina yana ƙara kamar ruwan sama a kan kwano. Na ture jerin duwatsun da ya raba gida da gida, na shiga masarar mutane na kwashe ta. Na tuna ina salati, na kuma tuna ina cewa “ku kauce” alhali ba kowa a gabana. Sai na hango ja yana tahowa. Na shiga barkono da faɗina, na fita ta ɗaya gefen, na ƙare cikin tarin harawar gyaɗa da aka jibge a gindin dutsen, kai a ƙasa.

Na ɗan jima a haka ina lissafin gaɓoɓina. Ɗankwali ya tafi. Tabarau na rataye a kunne ɗaya. Zanen Sallah ya koma inda bai kamata ba, Allah ya taimake ni na sa siket a ciki. Ko'ina tsit, sai sauran wake da ke gangarowa ɗaya-ɗaya yana buga mini baya.

Sai na ji wata ƙarar kuma daga sama, irin tawa sak. Na ɗago kai. Wani farin abu ne ke tahowa, iska ta cika shi kamar tantin biki. Malam ne, a kwance rigingine, babbar riga ta buɗe, hula a hannu. Ya bi layin da na share, ya kwashe ragowar barkonon da na bari, ya faɗo cikin harawa dab da ni.

Ya tashi zaune. Gemunsa duk 'ya'yan barkono. Ya kama hannuna ya juya, ya kama ɗayan.

“Kin karye?”

“A'a.”

“Tabbas?”

“Tabbas.”

Ya buɗe baki zai ƙara magana, atishawa ta ƙwace. Ni ma ta kama ni. Muka zauna muna yi bi da bi, hawaye na zuba, ba mai iya tsayawa. Daga can sama aka fara dariya. Inna Saratu ce ta fara, wata irin dariya siririya, sauran suka ɗauka, har wata ta kwanta a kan dutse tana dukansa da tafin hannu.

Da idona ya washe na ga ɓarnar da na yi, dariyar da ta fara zo mini ta koma. Amfanin gonar gida uku ne na haɗe wuri ɗaya, wake cikin masara, masara cikin barkono, wani ya watsu cikin ciyawa. Na san abin da shanya take a wurin mace. Da wata ce ta yi mini haka da kifina, da sai an kira mai unguwa. Na hau na same su, ba ɗankwali, na fara jawabin ban haƙuri, dogo, har da su “bisa kuskure.” Inna Saratu ta bari na kai tsakiya, sannan ta miƙo mini faifai. Ta miƙa wa Malam tsintsiya.

Haka yawon buɗe idonmu ya koma. Malam na sharo abin da ya watse yana tarawa, mu mata muna zaune a inuwa muna tsincewa, barkono gefe, masara gefe, wake a mirgina shi a faifai ya gangara cikin ƙwarya. Da azahar ta yi suka kawo mana ruwa, suka nuna mana inda za mu yi salla, suka jira mu. Na kwance ƙullin kifina, su kuma suka gasa sabuwar masara suka dafa gyaɗa. Ban taɓa cin abin da ya yi mini daɗi kamar na ranar ba, duk da a gefe ɗaya nake zaune.

Ina cikin tsinta har na fara sakin jiki, sai mai barkonon, wata doguwa mai wushirya, ta gyara murya ta ɗaga faifai gaban fuskarta kamar littafi.

“Da muka kai sama,” ta ce, da irin muryata, “maigidana ya dube ni ya ce…”

Sauran suka amsa tare: “Yau na san na yi dacen mata.”

Faifai ya kusa faɗuwa daga hannuna. “Wa ya gaya muku?”

“Ke,” in ji Inna Saratu. “Nan in an yi magana a sama, gangarowa take. Mun ji jirgin da ya nutse. Mun ji jinyar innarsa. Allah ya ba ki lada.”

“Wace ce Atine?” in ji mai wushirya.

Na so dutsen ya buɗe in shige. Faɗuwar ba ta kai wannan ciwo ba. Na sunkuyar da kai ina tsintar wake kamar an ce in na ɗago za a yanka ni. Malam kuwa, can gefe, ya ba mu baya yana shara da ƙarfi, wurin da ya riga ya share.

Inna Saratu ta matso ta ɗan taɓa gwiwata.

“Kin san mun ce masa ya bi ta gefe? Yana saukowa ya ga kin tafi. Muka ce ga hanya, ga hanya. Ko kallonmu bai yi ba, ya faɗa.” Ta jefa masara a baki. “Nawa mijin shekara arba'in muka yi, shi ma bai taɓa faɗin wannan magana ba. Kuma da shi ne, ta gefe zai bi. Ya iso a hankali ya tambayi wa zai biya barkono.”

Matan suka sake fashewa. Wannan karon har da ni.

Sai bayan la'asar muka gama. Ba duka aka samu ba, abin da ya shige ciyawa ya zama rabon kaji, amma suka ce ya isa. Suka cika mini ɗankwalina da gyaɗa (a kan wata ƙaya aka samo shi), suka rako mu har wurin babur. Mai wushirya ta ce in na tashi dawowa in zo lokacin shanyar gero, shi ba ya gudu.

A hanya na zauna a karkace saboda dalilai biyu, dutse da barkono. Mun yi nisa, rana na yin ja a kan gonaki. Can na ce, “Malam, layin nan fa?”

“Goge shi.”

“In na goge, ƙarshen ya lalace. Kuma abin da ya faru ba ya rubutuwa a kwana uku.”

“To ki faɗa da baki. Shi ai ba makaranta ta ba ki shi ba.”

Ranar Asabar aji ya cika, maza a baya a kan benci, Malam a cikinsu zaune ƙiƙam don bayansa bai warke ba. Atine ta zauna a layin gaba ta harɗe hannu. Na karanta tashinmu ƙarfe bakwai. Na karanta rafi, na karanta ɗorawa, ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Da na kai ƙololuwar dutse na tsaya, na rufe littafin.

“Daga nan,” na ce, “abin da ke takarda bai faru ba. Tun kafin mu je na rubuta shi. Ga abin da ya faru.”

Na faɗa musu duka, da layin, da faɗan, da waken, da barkonon. Malama ta cusa fuska cikin mayafi kafaɗunta na rawa. Wani dattijo a baya sai da aka ba shi ruwa. Mazan suka riƙa juyowa suna kallon Malam, shi kuwa yana kallon silin. Da hayaniya ta lafa, Atine ta ɗaga hannu kamar 'yar aji ɗaya.

“To, Uwar Gaskiya, a ƙarshe ya faɗa ko bai faɗa ba?”

“Bai faɗa ba,” na ce. “Ke kuma, Atine, ki yafe ni. Ki je Legas ɗinki lafiya, ki gaida teku.”

Abin da na koya ba shi da yawa. In na je garin mutane na ga suna aiki a tsugune, ba na cire takalmi sai na tambayi dalili. Kuma na daina rubuta wa mutum maganar da zai yi. Malam har yau bai faɗi kalmomin nan bakwai ba, na kuma san ba zai faɗa ba. Amma mutumin da ya biyo ni cikin barkono da farar babbar rigarsa, alhali ga hanya ana nuna masa, na yafe masa layi ɗaya.